Sabon likita, ga yadda za ka tsara baccinka in kana kol

Duk wanda ya fara aikin hos ofisa, wato shekarar farko ta aiki bayan kammala karatun likita, ko ya shiga residansi, wato horon neman ƙwarewa, ya san yadda ranar kol take, ranar da kai ne za ka kwana a asibiti kana amsa kira, ka zo takwas na safe, a yi rawun, wato zagayen duba marasa lafiya, a yi kilinik, ƙarfe huɗu kowa ya kama gabansa kai kuma lokacin naka aikin ya fara, ka kwana kana sa kanula, robar nan ta ƙarin ruwa a jijiya, kana ɗibar jini kana amsa kiran nas, gari ya waye kuma ba gida za ka ba, rawun ɗin safe na jiranka. Kafin ka ga gadonka an yi awa talatin ko fiye. Manya za su ce maka ai mu ma haka muka yi, jiki zai saba. Wallahi jiki ba ya sabawa, daina jin gajiyar kawai kake yi, amma ƙwaƙwalwa na nan tana sakin abubuwa ba ka sani ba.

Abu biyu ne ke haɗuwa a kanka. Tun da ka farka akwai wani sinadari, adenosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, iya daɗewarka ido biyu iya yawansa, kuma bacci ne kaɗai ke kwashe shi. Sannan ga agogon jiki, wanda ke kaiwa ƙasa sosai wajen uku zuwa biyar na asuba, lokacin da za ka ji sanyi-sanyi, ka karanta layi ɗaya a folda sau uku bai shiga ba. A 1997 masu bincike a Ostareliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hannunsa da hankalinsa na aiki kamar mai giya 0.05 cikin ɗari a jini, in ya kai awa 24 kuma kamar 0.10, wanda ya wuce abin da dokar Amurka ta yarda a tuƙa mota da shi. A 2004 masu bincike na Harvard sun bi sababbin likitoci a ɗakin kulawa ta musamman, suka ga masu dogon kol sun fi yin manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin ɗari. Don haka ba maganar ragwanci ba ce.

To fara tun kafin kol. Daren jajibiri ba daren hira ba ne, ba na kallon ƙwallo ba, ka nemi awa bakwai zuwa takwas. Mutane na raina wannan amma shi ne jarinka, wanda ya shiga kol da bashin bacci tun sha biyun dare ya gama yawo. In akwai ɗan sarari bayan azahar ko da yamma kafin wad ya rikice, yi ƙailula, ko minti ashirin ne.

In dare ya yi, wajen goma ko sha ɗaya, kar ka jira a kira ka. Zaga wad ɗin da kanka, ka zauna da nas ɗin da ke dutin dare ka ce Sista wa ke damunki a cikin marasa lafiyar nan, ku duba tare. Kanular da ta kusa toshewa canza ta yanzu, ruwan da zai ƙare biyu na dare rubuta na gaba, maganin ciwo da na zazzaɓi rubuta su tun da wuri, ka gaya mata a fili wane hawan jini ko wane numfashi ne in ta gani ta tashe ka ba tare da jinkiri ba. Wannan zagayen na rabin awa shi ke sayo maka baccin awa ɗaya daga baya, kuma nas ɗin da ka girmama ita za ta tara maka ƙananan abubuwa ta kira ka sau ɗaya maimakon sau biyar.

Da ka samu sarari, kwanta. Kar ka ce bari in ɗan duba WhatsApp, nan minti arba'in ke tafiya. Ko dai ka yi gajere, minti 20, ko in ka ga dare ya lafa ka nemi wajen minti 90, wato zagayen bacci guda. Na tsakiyar, irin minti 45 zuwa awa ɗaya, shi ne yakan tashe ka daga bacci mai nauyi ka miƙe ba ka san gabas ba. Wannan magagin yana iya ɗaukar minti 15 zuwa 30, kuma a nan nake so ka fi kula, domin a cikinsa ake rubuta adadin maganin da bai dace ba. In waya ta tashe ka, tashi zaune, kunna fitila, ka maimaita abin da aka gaya maka da bakinka, sunan mara lafiya da lambar gado. Wanke fuska, taka zuwa wad. Lissafin maganin yara, insulin, potasiyam, magnesiyam na mai jijjigar haihuwa, yi shi a takarda ka ba wani ya sake dubawa, ko kana ganin ka haddace. Ba abin kunya ba ne. Haka in abu ya fi ƙarfinka huɗu na asuba, kira rajistara, wato likitan da ke gaba da kai, gara ya yi maka faɗa da ka yi shiru.

Maganar kofi da shayi da goro da lemukan ƙarin kuzari. Sinadarin kafin (caffeine) da ke cikinsu ba ya kwashe adenosin, toshe masa ƙofa kawai yake na ɗan lokaci, kuma rabinsa na nan a jikinka bayan wajen awa biyar. Sha kaɗan-kaɗan a farkon dare, in ka san za ka kwanta da safe ka dakata daga wajen uku. Akwai dabarar shan kofi sannan ka kwanta nan take na minti 20, kana tashi yana fara aiki. Abinci kuma ci mai nauyin da wuri, indomi da ƙwai uku a biyu na dare gyangyaɗi da ƙwannafi kawai zai jawo maka. Ruwa, dabino, gyaɗa, ayaba sun isa. In azumi ne, rage kofi a sahur, ka fi ba ruwa ƙarfi tsakanin buɗa-baki da sahur.

Yanzu wurin da ya fi ba ni tsoro, hanyar gida. A 2005 wani babban bincike a Amurka ya gano cewa haɗarin mota ga sabon likita bayan dogon kol ya ninka fiye da sau biyu. Bacci ɓarawo ne, daƙiƙa uku ko huɗu zai ɗauke ka idonka kusan a buɗe, kuma sauke gilas ko ƙure rediyo ba sa hana shi. In kana hamma ba ƙaƙƙautawa, ko ka wuce kwanar gidanku ba ka sani ba, ko ba ka tuna yadda ka wuce shataletalen baya ba, faka. Mafi alheri ma kar ka tuƙa, bar motar a asibiti ka hau adaidaita, ko wani ya zo ya ɗauke ka, ko ka yi minti 20 a ɗakin kol kafin ka ɗauki makulli. Mai babur ya fi kowa shiga haɗari.

Ka isa gida, ɗan ci wani abu, watsa ruwa, rufe labule mai kauri, in ba wuta jiƙa tawul ka buɗe taga ta gefen inuwa. Faɗa wa mutanen gida, Hajiya ko maiɗaki ko maigida, cewa daga yanzu zuwa la'asar ba na nan, a karɓi saƙon maƙwabcin da ya zo a duba masa sakamakon gwaji. Sa alam don sallah. Yi awa uku zuwa huɗu ka tashi, ka fita ka ga hasken rana, sannan ka kwanta da wuri da daddare, in ka zarce har magariba daren zai lalace kuma gobe akwai aiki. Dare ɗaya ba ya biyan bashin, ba shi biyu.

Kar ka fara rubuta wa kanka diyazefam ko wani maganin bacci, kar kuma ka karɓi ƙwayar hana bacci daga abokin aiki, da yawa daga nan suka faɗa. In makonni sun wuce ko ranar da ba ka kol ba ka iya bacci, ko ranka kullum a ɓace, ko komai ya fita kanka, je ka ga likita kamar kowa.

Sauran kuma ba naka ba ne kai kaɗai. Amurka ta ƙayyade awa 80 a mako ga likitoci masu neman ƙwarewa tun 2003, Birtaniya ta sauko da nata zuwa awa 48 a 2009, a Najeriya kuma ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta umarci mambobinta su daina kol da ya wuce awa 24 a jere daga 1 ga Oktoba 2025. In rosta, wato jadawalin kol, ta fito ka ga an jera maka kol biyu ko uku a jere, kar ka bari sai ranar, je wurin cif rajistara tun farkon wata da takardar a hannu da sunan wanda ya yarda ku yi musaya, in bai yiwu ba ka kai wa wakilin ƙungiya na asibitinku a rubuce.