Yadda Za Ka Yi Wa Kayan Kyamararka Inshora

Da farko, fito da kayan duka: kyamara, gilasanta, fitila, batura. Duba lambar da aka buga a jikin kowanne ka rubuta, ka ɗauki hotonsa tare da rasit, ka tura wa kanka ta imel.

Sannan ka tuntuɓi kamfanoni biyu ko uku.

A nan ne ya kamata ka natsu, kada ka ji kunyar tambaya. Idan an sace ta a cikin mota fa? Idan ta faɗa ruwa? Kuɗin sabuwa za su biya ko na tsohuwa? In sana'a kake yi da ita, gaya musu, domin ɓoyewa na iya hana ka diyya.

Ranar da aka yi sata, kai rahoto wurin 'yan sanda nan take, ka sanar da kamfanin.