Kurakuran da Ɗalibanmu Suka Fi Yi Wajen Gina Tambaya da Turanci

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da ta NECO suka ƙarato, nakan zauna da tarin littattafan ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare, kuma kurakuran da na gyara wa yayye su ne dai nake sake gyara wa ƙanne, har abin ya ishe ni. Za ka ga yaro ya haddace kalmomi masu wuya, yana iya cika shafi biyu da insha'i, amma da zarar an ce ya gina tambaya guda ɗaya da Turanci sai ya rikice. Ba rashin basira ke jawo wannan ba. A Hausa, idan muna son mayar da "Audu ya tafi kasuwa" tambaya, ba ma taɓa jerin kalmomin, murya kawai muke ɗagawa, ko mu sa "shin" a farko, ko "kuwa" a ƙarshe. Turanci kuwa a jerin kalmomi yake nuna tambayarsa, kuma wanda bai kama wannan ba zai yi ta ɗora kalmomin Turanci a kan tsarin Hausa.

Daga nan ake samun "Where you are going?" da "Why she is crying?" da "When they will come?" Dokar ita ce aikatau mataimaki, wato irin su am, is, are, was, were, have, has, had, can, will, should da must, shi ne ke tsallake aikau, wato mai yin aikin, ya dawo gabansa. Daidai shi ne "Where are you going?", "Why is she crying?", "When will they come?" Masu cewa ai an fahimci abin da suke nufi, nakan tambaye su yadda za su ji idan wani ya ce musu "Yaushe sun zo?" maimakon "Yaushe suka zo?" Za a fahimce shi, amma kowa ya san baƙo ne a harshen, kuma mai duba takardar jarrabawa ba ya ba da maki don ya gane nufinka. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su raba shafi gida biyu, su rubuta jimlar bayani a hagu, su ja layi a ƙarƙashin mataimakin, sannan su ɗauko shi zuwa gaba a ɓangaren dama. Ba na barin kowa ya rubuta tambaya kai tsaye sai hannunsa ya saba da wannan.

Idan jimla ba ta da mataimaki, kamar "He went to Kano", sai a aro do, does ko did. A nan ne "Where did he went?" da "What does it means?" da "Does she has a pen?" suke fitowa, kuma har a bakin waɗanda suka gama jami'a ina jin su. Da zarar did ta shigo, ta riga ta ɗauke alamar lokacin da ya shuɗe, haka ma does ta riga ta ɗauke harafin s, saboda haka babban aikatau sai ya koma siffarsa ta asali. Kaya ɗaya ne, ba a ɗora wa 'yan dako biyu shi. A ce "Where did he go?", "What does it mean?", "Does she have a pen?" Sai dai idan aikau ɗin ne kansa ake tambaya a kai, ba a aro komai: "Who broke the window?" ake cewa, ba "Who did break the window?" ba, alhali idan karɓau ake nema, wato wanda aikin ya faɗa wa, sai a ce "What did he break?"

Wanda ya fi ci mini rai kuwa shi ne amsa tambaya mai korewa, domin wannan ya taɓa shiga aljihuna kuma ya hana ni barci. Bahaushe idan aka ce masa "Ba ka biya ba?" kuma bai biya ɗin ba, cewa yake "E, ban biya ba." Yana gaskata maganar mai tambaya ne. Bature kuwa ba ruwansa da yadda aka tsara tambayar, abin da ya auku yake dubawa: idan an biya "Yes, I have", idan ba a biya ba "No, I haven't", ko da korewa a tambayar ko babu.

Ƙanena da nake ɗauke da nauyin karatunsa ya je wata jami'a a ƙasar waje, kuma a ranar rajista ma'aikaciyar ofis ta ce masa, "You haven't paid the balance, have you?" Shi kuwa cikin ladabi ya ce "Yes", yana nufin e, bai biya ba. Ita ta ɗauka ya biya, ta ce ya kawo rasit daga baya, shi kuma ya fita yana zaton an ɗaga masa ƙafa. Wa'adi ya wuce, aka ɗora masa tarar jinkiri, aka rufe masa rajista ana dab da jarrabawa, sai da na ci bashi na haɗa da kuɗin da na tanada don gyaran gida kafin aka warware. Yaron nan ya ci Turanci da kiredit mai kyau, amma a duk shekarunsa na sakandare ba a sami malami ɗaya da ya tsaya ya nuna masa wannan bambanci ba. Mu malamai muna da laifi babba a nan, domin muna koyar da Turanci kamar ɗalibanmu ba su da wani harshe a kansu kafin su shigo aji. Ku yi tunanin wannan kuskure a gaban likita da ya tambayi majiyyaci ko bai sha magani ba, ko a gaban alƙali, ko a wurin neman biza. Tun daga lokacin na haramta "yes" ko "no" tsura a ajina. Duk wanda zai amsa sai ya cika: "No, I didn't", "Yes, she was." Da zarar bakinsa ya furta "Yes, I didn't", kunnensa da kansa zai gaya masa cewa kai da jela ba su dace ba.

'Yar tambayar da ake maƙalawa a ƙarshen jimla ma daga wannan gida take. Mun saba da "ko ba haka ba?" wadda ke shiga ko'ina, sai muka mai da "isn't it?" madadinta, har ka ji ana cewa "You are coming tomorrow, isn't it?" Mataimakin jimlar ake maimaitawa tare da wakilin sunan aikau, idan jimlar tabbatarwa ce a kore jelar, idan korarriya ce a tabbatar da ita: "You are coming tomorrow, aren't you?", "Musa didn't eat, did he?" Masu shirya tambayoyin zaɓi na WAEC da JAMB sun san inda ɗalibai ke zamewa, shi ya sa suke son kawo jimloli masu never, hardly, seldom da scarcely, waɗanda korarru ne ko da babu not a cikinsu: "She hardly speaks, does she?" Sauran guda uku haddace su kawai ake yi: "I am late, aren't I?", "Let's go, shall we?", "Close the door, will you?"

Akwai kuma kuskuren ɗalibi mai ƙoƙari, wanda ya koyi juya jimla har ya wuce gona da iri. Shi ne mai rubuta "Can you tell me where is the office?" ko "I want to know why did you reject my application." Tambayar da ke cikin cikin wata jimla ba a juya ta, kuma ba a aro mata do. Daidai shi ne "Can you tell me where the office is?" da "I want to know why you rejected my application." A ta farko juyin ya riga ya auku a "Can you", ta biyu kuwa bayani ce, don haka aya ake sa mata, ba alamar tambaya ba. Idan babu kalmar tambaya sai a sa if ko whether: "He asked whether I had eaten." Ina ɗaga murya a kan wannan saboda a wasiƙar neman aiki da wasiƙar koke ya fi bayyana, wato daidai inda mutum yake son a ɗauke shi da daraja. Haba ɗalibai, wasiƙar da ba ta kai layi goma ba, me zai hana ku karanta ta da ƙarfi kafin ku sa hannu? Ni ƙa'idar da nake bi ita ce juyi ɗaya a jimla ɗaya, kuma duk takardar da na ga juyi biyu a jimla ɗaya a cikinta mayar wa mai ita nake yi ba tare da maki ba, ya je ya nemo da kansa.

Sauran ƙanana ne. "Nawa" ɗaya gare mu, su kuwa how many suke yi wa abin da ake ƙirgawa, how much kuma abin da ake aunawa da kuma kuɗi, saboda haka "How many students?" amma "How much water?" Ba a haɗa how da like, ko dai "What does it look like?" ko "How does it look?" Idan ana tambayar tsawon zaman da ya faro a baya kuma yana ci gaba, "How long have you been here?" ake cewa, domin "How long are you here?" tana nufin yaushe za ka tafi. Which ana amfani da ita idan zaɓin ƙayyadadde ne, kamar riguna biyu a gabanka, what kuma idan a buɗe yake. Alamar tambaya kuwa a rubuta ta a ƙarshen kowace tambaya ta kai tsaye, domin masu duba insha'i suna cire maki a kan alamomin rubutu kamar yadda suke cirewa a kan nahawu.