Yadda Ake Gyara Ƙwan LED Da Ya Mutu

Zafin bazarar Sakkwato na kashe ƙwan LED da wuri, amma sau da yawa ƙwaya ɗaya ce kawai daga cikin ƙananan ƙwayoyin haske da ke cikinsa ta ƙone.

Kashe wuta, ka kwance ƙwan, ka bar shi minti biyar, domin kafasita, wato ɗan ɓangaren da ke tara wuta a cikin ƙwan, na riƙe caji.

Sai ka ɓalle farar hular. Za ka ga ƙwayoyi rawaya jere kan farantin alminiyam mai zuƙe zafi. A sarƙe suke, ɗaya ta mutu, duk sun ɗauke. Nemi mai baƙin ɗigo, ka kankare ta, ka haɗe gefunanta biyu da dalma.

In babu ɗigo, duba direba, wato ɓangaren da ke daidaita wutar NEPA. Kafasita ta kumbura? Canza ta da irinta.

Mayar da hular kafin gwaji. Kada ka kuskura ka taɓa farantin alhali wuta na kunne.