Yadda ake sa ido kan ruwan rijiya a kusa da gidan mai

Tankin fetur da ke binne a gidan mai, ko tankin dizal na janareta a bayan gida, yana iya shafe shekaru yana yoyo ba tare da kowa ya sani ba, man yana bin ƙasa sannu a hankali har ya isa ruwan da rijiyoyin unguwa ke samu. Mafi haɗari a cikin fetur shi ne sinadarin benzin, wanda ke haddasa kansar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikrogiram 10 (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Hanci ba ya kama wannan ɗan adadi, don haka rashin wari ba shaidar tsabta ba ne. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan yankin Ogoni na jihar Ribas a 2011 ya nuna cewa a ƙauyen Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan da benzin ɗinsa ya ninka ƙa'ida fiye da sau 900.

Aikin yana farawa da sanin inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke gangarawa. Ana haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji aƙalla uku kewaye da tankin, a auna tsayin ruwa a kowace daga ma'auni ɗaya, domin ruwa yana tafiya ne daga inda ya fi tudu zuwa inda ya fi ƙasa. Ya kamata rijiya ɗaya ta kasance ta gefen da ruwan ke fitowa, sauran kuma tsakanin tankin da gidajen jama'a.

A wajen sa bututu a cikin rijiyar gwajin ne aka fi yin kuskure. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka a sama yake kwanciya, kuma dole ne sashen bututun mai tsage-tsage, inda ruwa ke shiga, ya ratsa saman ruwan, ya ɗan haura shi, ya kuma sauka ƙasa da inda ruwa ke kaiwa a ƙarshen rani. Bututun da aka nutsar da tsagensa can ƙasa zai yi ta ba da ruwa garau alhali mai yana kwance a kansa.

Kafin a motsa ruwan, a zura bututun ɗiba mai garai-garai a hankali ya tsaya a saman ruwa, a fito da shi a ɗaga wa haske. In akwai mai, za a ga shi ya yi layi a sama, sai a auna kaurinsa a rubuta. In babu, a kwashe ruwan da ya kwana a rijiyar kamar ninki uku na abin da take ɗauka, sannan a ɗebi na gwaji a ƙaramar kwalbar gilashi, a cika ta taf, a rufe, a kifa ta a duba: ko kumfa ɗaya aka gani a sake, domin benzin yana barin ruwa ya shige cikin iska. A sa kwalaben cikin ƙanƙara a kai su ɗakin gwaji da wuri, a kuma tambaya tun farko ko suna iya auna benzin ƙasa da maikrogiram 10, tunda gwajin ƙwayoyin cuta da aka saba yi wa ruwan burtsatse ba ya nuna shi.

Gwaji ɗaya bai isa ba. A maimaita a ƙarshen damina da tsakiyar rani, domin hawa da saukar ruwa suna wanko man da ya maƙale a ƙasa. Mai gidan mai kuma ya riƙa gwada awon tankinsa na kullum da abin da ya sayar, domin giɓin da ke maimaituwa shi ne alamar farko ta yoyo.

In an samu mai, a daina sha da girki da wanka da ruwan nan take. Tafasawa ba mafita ba ce, domin benzin ɗin zai bi tururi ya cika ɗaki. Kada kowa ya shiga rijiyar ko ya kusance ta da wuta, a sanar da maƙwabta, a kai rahoto ga hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai da ma'aikatar muhalli ta jiha tare da sakamakon gwajin.