Sabon shugaban ƙungiya: kurakuran da na gaji da gani

Ƙungiyoyin manoman rani a ƙauyukanmu na wajen Kura da Bunkure sun koma ɗora matasa a shugabanci, don sun yi boko kuma sun iya waya. Ba na ƙin haka. Abin da ya ishe ni shi ne duk wanda aka ɗora sai ya maimaita ɓarnar wanda ya gada.

Babbar ɓarnar ita ce kunya a kan kuɗin jama'a. An yi karo-karo don sayen taki da man injin ban ruwa, kuɗi suna hannunka, sai kawunka ya yi sallama bayan isha'i: "Ɗana, ranta mini kaɗan, in na sayar da tumatir ranar kasuwa zan mayar." Ka ji nauyinsa ka miƙa, ba shaida, ba rubutu.

Irin wannan ya taɓa cinye mini noman shekara guda. Shugabanmu na lokacin, yaro ne mai kirki wallahi, ya ranta wa surukinsa kuɗin takinmu. Tumatir ya cika kasuwa, kwando ya yi kwantai, suruki ya shiga ɓuya. Ina tsaye a bakin fangali ina kallon shinkafata tana yin rawaya, lokacin zuba takin yuriya yana wucewa. Da kuɗin suka dawo guntu-guntu, taki ya riga ya tashi, kuma shinkafa ba ta jiran kowa. Har yau akwai gidaje biyu da ba sa gaisawa sai a jana'iza.

Kai yaro, wa ya gaya maka kuɗinka ne da za ka yi alheri da su? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kai kuwa kana jin kunyar ɗaukar biro a gaban kawu! Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, jinkirin mako biyu kaɗai kan isa ya sa kuɗin da aka tara su kasa sayen abin da aka tara su dominsa.

Ni dai ga al'adata, ko da wasu na cewa na cika tsanani. Kuɗin ƙungiya ba sa kwana a ɗakina. Asusun banki, sa hannun mutum uku: shugaba, sakatare, ma'aji. Littafi guda mai kaurin bango, kuma duk zama a karanta lissafi da ƙarfi don wanda bai iya karatun boko ba ya ji da kunnensa. In ɗan'uwa ya zo rance, sai in ce, "Kawu, hannuna ɗaya ba ya fitar da su." Ba ƙarya na yi ba, zumunci kuma bai taɓu ba.

Na biyu, tsallake mai unguwa da dagaci. Kana son a gyara kwalbati ko a haƙa rijiyar burtsatse, sai ka zarce wurin kansila, dagaci ya tsinci labarin a bakin 'yan majalisar shayi. Ba zai hana ka ba. Shiru kawai zai yi, ranar aikin gayya ka ga daga kai sai ƙannenka. Ɗauki dattijo guda da ɗan goro, ka cire takalmi, ka ce, "Ranka ya daɗe, shawara muka zo nema." Ranar da rikicin iyakar gona ya taso, gabansa za a fara kai ku.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sa taro ranar Juma'a in mutanenka masu cin kasuwar Wudil ne. Sanarwa a WhatsApp ba ta isa ba, rabin dattawa ƙaramar waya ke gare su, sai a faɗa a masallaci bayan asuba. Rage Turanci a taro. Kada ka yi alkawarin takin gwamnati tun buhu bai sauka daga mota ba. Wanda ya makara da kuɗin wata, same shi a zaurensa, ban da tozartawa a bainar jama'a. Mata masu turara shinkafa kuwa, da yawansu ba za su zo dandali ba, ka tura sakatare da littafi wurin uwar adashinsu ya ji ta bakinsu kafin a yanke magana.