Yadda ake shirya wa rantsuwar kama aikin gwamnati a Najeriya

Duk wanda aka zaɓa ko aka naɗa a kan wani babban muƙami na gwamnati a Najeriya, doka ba ta yarda ya fara aiki ba sai ya yi rantsuwa. Akasarin waɗanda abin ya shafa kuma sun fi mayar da hankali kan ɗinkin babbar riga da katin gayyata da walimar da za a yi bayan taro, alhali Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya jera wasu matakai da ake bi, kuma rantsuwar ba ita ce ta farko a cikinsu ba.

Ka fara da sanin irin rantsuwar da ke kanka, domin ba iri ɗaya ba ce. Jadawali na Bakwai na Kundin Tsarin Mulki yana ɗauke da rantsuwar biyayya ga ƙasa, sannan da rantsuwar kama aiki, wadda lafazinta ya bambanta tsakanin ta shugaban ƙasa, da ta gwamna, da ta mataimaka da ministoci da kwamishinoni da masu ba da shawara na musamman, da ta 'yan majalisa, da kuma ta alƙalai. Sashe na 140 ne ya wajabta wa shugaban ƙasa, na 185 ya wajabta wa gwamna, na 149 minista, na 194 kwamishina, na 52 da na 94 'yan majalisar tarayya da na jiha, na 290 kuma alƙalai. Ma'aikacin gwamnati na yau da kullum, wanda ya shiga ta hukumar ɗaukar ma'aikata, abin da ya fi shafarsa shi ne rantsuwar riƙe sirri, wadda Dokar Rantsuwa ta 1963 da ƙa'idojin aikin gwamnati suka tanada. Hatta matasa masu yi wa ƙasa hidima suna yin rantsuwar biyayya a sansani, a gaban babban jojin jiha ko wakilinsa.

Kafin ranar rantsuwa akwai fom ɗin bayyana kadarori, kuma a nan ne ya kamata ka kashe yawancin lokacinka. Sassan da aka ambata a sama sun gabatar da bayyana kadarori a kan rantsuwa, wato sai ka bayyana abin da ka mallaka da bashin da ake bin ka tukuna, sannan a rantsar da kai. Ana karɓar fom ɗin daga Hukumar Kula da Ɗa'ar Ma'aikata, wadda ke da hedikwata a Abuja da ofisoshi a jihohi. Za ka rubuta gidaje da filaye da gonaki da motoci da hannayen jari da kuɗin da ke cikin kowane asusun banki, tare da lokacin da ka mallaki kowace kadara da hanyar da ka same ta, ko gado ne, ko saye, ko kyauta, ko rance. Kundin ya haɗa da dukiyar 'ya'yanka waɗanda ba su yi aure ba kuma ba su kai shekara 18 ba, fom ɗin kuma yana tambayar ta matarka, ko ta mijinki idan mace ce ke cikewa. Wanda ke da iyali da yawa sai ya zauna da kowa ya tattara bayani tun da wuri, domin filin da aka saya da sunan yaro shekaru da suka wuce yana da saurin shige wa mutum.

Wurin da mutane suka fi tuntuɓe shi ne tsofaffin asusun banki. Asusun da ka buɗe lokacin kana ɗalibi, ko na albashin wani aikin da ka bari, ko na dala da ka daina amfani da shi, duk suna nan da sunanka da lambarka ta BVN, kuma mai bincike zai gan su cikin ɗan lokaci. Ka je bankunan ka karɓi takardar bayanin kowane asusu, ko da naira ɗari biyu ce ta rage a ciki, ka rubuta adadin kamar yadda yake a ranar da kake cikewa. Kada ka ƙara abin da ba ka da shi don ka share wa dukiyar gaba hanya, kamar yadda wasu ke yi, domin Jadawali na Biyar na Kundin, wanda ke ɗauke da ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya ɗauki duk bayanin da aka gano ƙarya ne a matsayin saɓa ƙa'ida, ko ragi ne ko ƙari. Ya kuma ce duk kadarar da ka samu bayan bayyanawa, wadda ba za a iya danganta ta da albashinka ko halastacciyar kyauta ko rance ba, za a ɗauka ta haramtacciyar hanya ka same ta har sai ka kawo hujjar akasin haka. Ma'ana, nauyin kawo hujja a wuyanka yake. Idan ka mayar da fom ɗin, ka tabbata an ba ka takardar shaidar karɓa, ka yi mata kwafi, ka adana ta inda kake ajiye takardun fili. Za ka sake cike wani bayan kowace shekara huɗu, da kuma ranar da za ka bar muƙamin.

Wanda yake ganin wannan cika takarda ce kawai, ya tuna cewa a watan Afrilun 2019 Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta samu Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Walter Onnoghen, da laifin rashin bayyana wasu asusun banki, ta kuma hana shi riƙe muƙami na shekara 10. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi a 2024, amma a lokacin kujerar ta riga ta tafi. Bukola Saraki ma yana shugaban Majalisar Dattawa aka gurfanar da shi a 2015 kan batun bayyana kadarori, bai samu kansa ba sai da Kotun Ƙoli ta sallame shi a 2018. Ko me mutum zai ce game da siyasar da ta dabaibaye waɗannan shari'o'i, takardar da suka cike da hannunsu ce aka ɗauko aka shiga kotu da ita. Doka ba ta tilasta maka ka wallafa fom ɗinka ga jama'a ba, ko da yake marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi hakan don raɗin kansa a 2007.

Mataki na gaba shi ne ka nemi lafazin rantsuwar ka karanta shi a gida, a natse, kafin a miƙa maka shi a gaban jama'a. Da Turanci aka rubuta shi, kuma jimlolinsa dogaye ne, shi ya sa ake ganin manyan mutane suna in'ina a kan mumbari. Ta biyayya gajera ce: kana rantsuwa cewa za ka kasance mai aminci da cikakkiyar biyayya ga Tarayyar Najeriya, kuma za ka kiyaye Kundin Tsarin Mulkinta, ka tsare shi, ka kāre shi. Ka lura da kyau, babu sunan shugaban ƙasa a ciki, babu na gwamnan da ya naɗa ka, babu na jam'iyya, babu na ubangidan siyasa. A ganina wannan ne abin da ya fi muhimmanci mai rantsuwa ya riƙe, domin ranar da umarnin wanda ya ba ka muƙami ya ci karo da doka, rantsuwarka ta riga ta faɗa maka ɓangaren da za ka tsaya.

Rantsuwar kama aiki ta fi tsawo. A cikin ta masu muƙaman zartarwa, irin su gwamna da minista da kwamishina, za ka yi alƙawarin yin aiki iyakar iyawarka bisa doka, da cewa ba za ka bar son zuciyarka ya shiga cikin hukuncin da kake yankewa a ofis ba, da cewa za ka bi ƙa'idojin ɗa'a na Jadawali na Biyar, da cewa za ka yi wa kowane irin mutum adalci ba tare da tsoro ko son kai ko ƙauna ko ƙiyayya ba, kuma ba za ka fallasa abin da ya zo gabanka ta dalilin aiki ba sai inda aikin ya buƙaci haka. Tunda ka ɗauki nauyin Jadawali na Biyar da bakinka, ya kamata ka san abin da ke cikinsa. Ya hana karɓar albashin muƙamai biyu na gwamnati a lokaci guda. Ya hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko tafiyar da kamfani, in ban da noma, saboda haka idan kai darakta ne mai gudanarwa a wani kamfani sai ka sauka a rubuce kafin ranar. Ya hana shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu da ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisa riƙe asusun banki a ƙasar waje. Ya hana karɓar kyauta saboda wani abu da ka yi ko ka ƙi yi a bakin aiki, sai dai irin kyautar 'yan'uwa da abokai da al'ada ta sani, kamar ta biki ko ta suna. Buhunan shinkafa da ragon da ɗan kwangila zai aiko gidanka ana gobe Sallah ba sa cikin wannan rangwame.

A ranar rantsuwa, Musulmi yana rantsuwa da Alƙur'ani, Kirista da Littafi Mai Tsarki, don haka Musulmi ya fito gida da alwala, kada sai an kira sunansa ya fara neman buta. Wanda imaninsa bai yarda da rantsuwa ba, ko mai wani uzuri da ya hana shi taɓa littafin, doka ta ba shi damar yin tabbatarwa da baki ba tare da littafi ba, kuma nauyinta a gaban kotu daidai yake da na rantsuwa. Sai dai ya sanar da jami'an tsare-tsare tun kafin a shiga zaure. Ga Musulmi akwai ƙarin abin lura: hadisi ya tabbata cewa rantsuwa tana bisa niyyar wanda ya rantsar ne, saboda haka dabarar furta kalma a baki da nufin wani abu dabam a zuci ba ta kuɓutar da kowa. Ka faɗi cikakken sunanka kamar yadda yake a takardar naɗi, ka bi mai rantsarwa jimla bayan jimla, kada ka tsallake ko ka ƙara. Bayan an gama furtawa akwai sa hannu, wanda kundin ya ambata tare da furucin, kuma wannan takarda mai ɗauke da sa hannunka da na mai rantsarwa da kwanan wata ita ce hujjar da za ta rage bayan taro ya watse. Ka nemi kwafinta.

Ka kuma tabbata wanda doka ta ba iko ne ya rantsar da kai. Shugaban ƙasa, Alƙalin Alƙalai ne ke rantsar da shi. Gwamna kuwa babban jojin jiha ne, ko babban alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, ko shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Gargajiya. Shugabannin majalisar tarayya suna yin tasu a gaban Akawun Majalisa.

Kwanan watan da ke kan takardar yana da nauyi, musamman ga shugaban ƙasa da gwamna, domin daga ranar ne wa'adin shekara huɗu yake fara ƙirguwa. A watan Yunin 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wa'adin Peter Obi a matsayin gwamnan Anambra ya fara ne daga watan Maris na 2006, lokacin da aka rantsar da shi bayan ya yi nasara a kotu, saboda haka Andy Uba, wanda aka rantsar ranar 29 ga Mayu, 2007, ya sauka bayan makonni kaɗan. A watan Janairun 2012 kuma kotun ta sauke gwamnoni biyar, ciki har da Aliyu Wamakko na Sakkwato da Murtala Nyako na Adamawa, bayan ta yanke cewa wa'adinsu ya fara daga rantsuwar farko ta 2007, ba daga ta biyu da suka yi bayan zaɓen da aka maimaita a 2008 ba.

Game da rantsuwar riƙe sirri, wadda ƙananan ma'aikata kan sa wa hannu cikin tarin takardun ɗaukar aiki ba tare da sun karanta ba, ka sani tana tafiya tare da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, kuma ɗaukar hoton takardar ofis da waya a tura ta WhatsApp yana iya jawo kora daga aiki, har da gurfana gaban kotu. Amma ba ta zama mafakar ɓoye komai ba, domin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomi amsa buƙatar bayani cikin kwana bakwai, ta kuma ba da kariya ga jami'in da ya fitar da bayani bisa tanadinta. Idan irin wannan buƙata ta zo teburinka, kada ka amsa da kanka kuma kada ka jefa ta cikin durowa, sai ka shigar da ita rajista da kwanan wata, ka tura ta ga jami'in da hukumarku ta ɗora wa wannan aiki ko ga sashen shari'a, ka riƙe shaidar cewa ka tura.