Kafin ƙanƙara ta sauko: yadda ake kintsa kayan gida daga kaka zuwa hunturu

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar da ake zuba dusar ƙanƙara ya san sanyi ba ya sallama. Yau kana zaune a waje da 'yar riga mara nauyi, ganye na ta zuba ja da rawaya, jibi ka tashi da asuba ka tarar gilashin mota ya yi fari fat. A kalanda dai sai 21 ko 22 ga Disamba hunturu yake shiga a ƙasashen arewacin duniya irin su Kanada da Amurka da Turai, amma kar wannan ya ruɗe ka, daskarewar farko a wurare da yawa tun Oktoba ko Nuwamba take zuwa, kuma ita ce mai ɓarnar. Shi ya sa ni daga tsakar gida nake fara aikin nan, su wadirob da durowa za su iya jira.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe: yawancin kayan da ke lalacewa a ajiya ruwa ne ke cin su. Ko ruwan da ya daskare a ciki ya fasa abu, ko danshin da ya kawo fumfuna da tsatsa. In ruwa ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, wato 32 a Faranhait, ya zama ƙanƙara, girmansa yana ƙaruwa da wajen kashi 9 cikin ɗari, kuma ba ruwansa da ko a cikin roba yake ko a cikin ƙarfe, zai nemi wuri ne kawai.

Ni da kaina na ga haka. Shekarata ta farko na bar tiyon ban ruwa a maƙale da famfon waje, na ce ai roba ce me zai same ta. Ashe in tiyo na jiki ruwan da ke cikin bututun ba ya samun hanyar tsiyayewa, ya daskare ya tsaga bututun a can cikin bango inda ido ba ya gani. Ban san komai ba sai da gari ya fara ɗumi na buɗe famfon zan wanke mota, ina waje ina ta wanki hankalina kwance, ruwa kuma na ta kwarara cikin ɗakin ƙasa kan kwalayen da na jibge. Wallahi ranar ban ci abincin kirki ba. To ga yadda ake yi: ka kwance tiyon, ka miƙar da shi a wuri mai ɗan gangare ko ka ɗaga gefe ɗaya kana tafiya har ruwan ya fita tas, ka naɗe shi da faɗi kar ya lanƙwashe, ka rataye a gareji. Sannan in famfon yana da makulli ta cikin gida ka rufe shi, ka fito ka buɗe na wajen sauran ruwan ya zube. Akwai 'yar hular soso da ake sa wa bakin famfo, ba ta da tsada, ka sa masa.

Tukwanen fulawa na yumɓu su ma haka, yumɓu yana shan ruwa, in ya daskare sai ka ga tukunya ta dare ko tana ɓarewa ɓawo ɓawo. Ka juye ƙasar, ka wanke, ka bari su bushe sosai, ka kife su a inda ruwa ba ya taɓawa. In za ka jera wata cikin wata ka sa takarda a tsakani don kar su cije.

Kujerun waje kuwa, kushin ɗin ne matsala. Mutane suna duba saman su ji ya bushe su tura cikin leda, alhali sosan ciki jiƙe yake. Ka danna da tafin hannu da ƙarfi, in ka ji sanyi sanyi to da saura, ka jingina shi a tsaye ya ƙara kwana biyu. Kujerun ƙarfe ka duba inda fenti ya goge ka shafa wani kafin tsatsa ta kama. In dole a waje za su kwana ka lulluɓe su amma ka bar ƙasan a buɗe iska na shiga, don in ka ɗaure tamau da tamfol gumi za su yi a ciki. Lemar tsakar gida a naɗe ta a shigar, iska da nauyin ƙanƙara ba sa barin ta.

Kafin ka ajiye manjagara da tsani, ka hau ka kwashe ganyen da ya cika indararon rufi, amma sai bishiyoyi sun gama zubarwa in ba haka ba aiki biyu za ka yi. Indararo in ya toshe, ruwan da ya narke ba ya samun hanya, sai ya daskare a bakin rufi ya riƙa komawa ciki. Kuma don Allah wani ya riƙe maka tsanin.

Sai gareji. Nan ne ake tara abubuwan da bai kamata su kwana cikin sanyi ba, ba tare da an sani ba. Fentin da ake haɗawa da ruwa in ya daskare ya narke sai ya zama gudaji gudaji, shikenan ya tashi aiki, don haka ragowar fenti da gam su koma cikin gida inda ba a daskarewa. Batiran litiyom na injin huda bango ko na keke ko na injin busa ganye, a cire su a shigo da su, a ajiye da caji wajen rabi, kuma kar a taɓa sa su caji alhali sun yi sanyin da ya kai na daskarewa, yana lalata su ta ciki. Ƙananan batira da ke cikin fitilun ado da kayan wasan yara su ma a cire, in suka daɗe suna zubar da wani farin gari ya cinye ƙarfen. Injin yanke ciyawa kuma kar a bar shi da fetur haka nan wata huɗu ko biyar, fetur yana tsufa ya yi danƙo ya toshe kafireto, shi ya sa za ka ga mutum na ta jan igiya da bazara inji ya ƙi tashi. Ko dai ka bar shi yana aiki har man ya ƙare, ko ka zuba maganin da ke hana fetur lalacewa ka kunna shi na 'yan mintuna ya zagaya. Ka kankare ciyawar da ta manne a ƙasansa, amma ka fara cire wayar fulogi kafin hannunka ya je kusa da wuƙar.

Tukunyar gas ta abin gashi ita ce ban yarda a yi wasa da ita ba. A waje take zama, a tsaye, a rufe, ba a gareji ba kuma ba a ɗakin ƙasa ba. Gas ɗin ya fi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru. Sanyi ba ya yi mata komai. Murhun gawayi ma in an shigar da shi ajiya to ajiya ce kawai, kar wata rana wuta ta ɗauke wani ya ce bari a hura a ji ɗumi, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Masu mota, da zarar gari ya fara zama ƙasa da digiri 7 lokacin sauya tayoyin mota a sa na hunturu ya yi. A wasu wuraren ma doka ce, a lardin Kebek na Kanada dole ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Tayoyin da aka cire a wanke su, su bushe, a rubuta da alli wacce ta gaba wacce ta baya, dama ko hagu, a sa kowacce a babbar leda, a ajiye nesa da rana da injin ɗumama gida. Masu rim a jiki ana iya ɗora su a kwance ɗaya kan ɗaya, marasa rim a jingina su a tsaye.

To yanzu mu shiga ciki. Kuskuren da na ga ana yawan yi shi ne a fara tattara kayan zafi alhali ba a fito da na sanyi ba. Ka fara fito da na hunturu, saboda dalili biyu: wurin da suka bari shi za ka cika, sannan za ka ga abin da ya lalace ko ya yi kaɗan tun kantuna ba su ƙare ba. Musamman yara, takalmin ƙanƙarar bara da wuya ya shiga bana. A gwada musu komai, jaket, hula, safar hannu, wacce ta rasa 'yar uwarta a nemo ko a haƙura. Bargunan da suka kwana wata shida a rufe a baza su su sha iska kwana ɗaya.

Kayan da za su shiga ajiya kuma ba a sa ko ɗaya sai an wanke, ko da sau ɗaya aka saka. Gumi da turare da ɗigon abin sha ba sa nunawa yanzu, bayan wata shida za ka ga tabo rawaya wanda ba ya fita. Kuma su ne ke kiran asu. Mai tashin ba ya cin kaya, tsutsarsa ce ke ci, ulu da siliki da gashin tsuntsu ta fi so, musamman wanda ke da datti. Wato suwaitar ulun da ka fito da ita ka ɗaga ta ga haske ka duba ko ta yi ƙananan huji. Batun kafur kuma, na san da yawa mun saba watsa shi cikin kaya, ni dai na daina. Guba ce, yaro zai iya ɗauka ya zaci alewa ce, kuma ba ya ma aiki sai a cikin abin da aka rufe ruf. Wanki da akwatin roba mai murfi mai kamawa sun ishe ka.

Na ce roba don kwali ba abin yarda ba ne, yana jan danshi, kyankyaso na son sa, ɓera kuma na yin sheƙa da shi. Ka tuna lokacin da kake shigar da kaya su ma ɓeraye ɗumi suke nema, kuma ƙaramin ɓera hujin da bai wuce kaurin fensir ba, wajen milimita 6, ya ishe shi shiga. Abincin tsuntsaye da irin shuka a zuba su a abin ƙarfe mai murfi. Akwatunan kar su zauna kan siminti kai tsaye, a ɗora kan kanta ko katako, a ɗan janye su daga bango. 'Yan ƙullin nan masu shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka daina zubarwa, jefa biyu uku a kowane akwati. In ɗakin ƙasanka yana warin laima ka sayi ɗan abin auna danshi, in ya haura kashi 60 fumfuna za ta samu wurin zama, tsakanin 30 da 50 ake so.

Ledar nan da ake zuƙe iskarta tana rage wuri sosai, ta yi daidai da zanin gado da kayan auduga. Amma jaket ko bargo mai gashin tsuntsu in ya daɗe a matse ba ya komawa yadda yake, ɗuminsa kuma a kumburin yake. Takalman fata ma ba sa son leda, a goge a cusa musu takarda a ciki.

Rubutu a jikin akwati: a gefe ake yi, don in ka jera su saman ba ya ganuwa. Kuma "kayan zafi" ba rubutu ba ne, ka rubuta na waye da meye a ciki. Ni har hoton cikin nake ɗauka da waya kafin in rufe. Masu nauyi a ƙasa, abin da ba za a nema ba sai bazara a can ƙurya. Amma ka bar 'yan riguna marasa nauyi a kusa, gidajen nan in hita ta kama wani lokacin har gumi ake.

Esin taga, wato na'urar sanyaya ɗaki da ake maƙalawa a taga, a cire shi, in an bar shi iska mai sanyi ta gefensa take shigowa. A bari ruwan cikinsa ya tsiyaye, a wanke rariyar, a ajiye shi a zaune yadda yake zama a taga, kar a kwantar da shi ta gefe saboda man kwamfireso. Fankar tsaye a goge a rufe. Ta silin kuwa ba a ajiye ta, yawanci akwai ɗan maɓalli a jikinta da ke juya ta, ka sa ta riƙa bin hanyar hannun agogo a hankali, sai ta turo ɗumin da ya taru a sama ya sauko. Ƙaramar hitar da ka fito da ita ka duba wayarta ko ɓera ya taɓa, a bango kai tsaye ake jona ta ba a kan ekstenshan ba, kuma a bar mata kamar mita ɗaya tsakaninta da labule da gado. Ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Oktoba a Turai, Lahadin farko ta Nuwamba a Amurka da yawancin Kanada, ita mutane da yawa suka mayar ranar gwada ƙararrawar hayaƙi da ta iskar gubar nan mara wari. Ka juya bayan ta hayaƙin ka ga shekarar da aka yi ta, in ta kai 10 a canza.

Bakin ƙofa shi ne wurin da zai fi shan wahala wata huɗu masu zuwa. A kwashe silifas da takalman zafi, a sa faffaɗan tire na roba don takalma masu ƙanƙara da gishiri, a ba kowa ƙugiyarsa da ɗan kwandonsa na hula da safar hannu. Gishirin narkar da ƙanƙara a juye shi a bokiti mai murfi, a buhu yana jan danshi ya dunƙule ya zama dutse. Shebur kuma kusa da ƙofar da kake fita zai zauna. Na taɓa ajiye nawa a rumfar bayan gida, aka kwana ana zuba ƙanƙara, da safe ƙofar rumfar ta binne har gwiwa, da faranti na tono ta.